Gawon Baba Tanko da Layin Kwarin Dashi

Duk shekara ana turo mana ɗalibai daga makarantu su zo koyon aiki a ofishinmu na tsara layukan sadarwa, kuma duk shekara sai na ji magana iri ɗaya. Ɗalibi zai leƙa kwamfutata, ya ga taswira, ɗigo nan, ɗigo can, da jan layi a tsakaninsu, sai ya ce, "Anti Rabi, dama aikin ke nan? A ja layi kawai?" Na bana ma cewa ya yi nan gaba kaɗan kwamfuta za ta riƙa yi ba sai da ni ba. Na gaji da maimaita amsa da baki, shi ya sa na zauna in rubuta muku ita. Wanda ya karanta ya sake yi mini wannan tambayar, tsintsiya zan miƙa masa ya share sito.

Ku fara gane abin da muke yi. Idan ka danna waya, muryarka ko hotonka ƙarfen sabis mafi kusa da kai suke zuwa. To daga nan fa? Ƙarfen nan ba shi ne ƙarshen tafiya ba, tasha ce kawai. Dole a sami hanyar da za ta kwashi maganar mutanen gari guda ta kai ta birni, ta kuma dawo da amsa kafin mutum ya ƙifta ido. Wannan hanyar ita ce aikina. Ni ke cewa ta ina za ta bi, faɗinta nawa, kuma in ta yanke ta ina za a zagaya. Iri biyu ce: ko wayar gilashi da ake binnewa a ƙasa, wadda muke kira fayiba, ko kuma rediyo, wato farantin nan mai kama da ganga da kuke gani a saman ƙarfe yana kallon ɗan'uwansa a wani gari.

Ni ban shiga aji ba sai da na haifi 'ya'ya uku. Lokacin da wayar hannu ta shigo Daura, lema na kafa kusa da tasha ina sayar da kira. Mutum zai yi ta "halo, halo," magana ta yanke, ya juyo ya tambaye ni dalili. A duniya ba abin da na tsana kamar a tambaye ni abu a kan sana'ata in rasa amsa. Haka na shiga ajin yaƙi da jahilci, daga nan na zana jarrabawar sakandare, na wuce kwalejin fasaha, ina zaune benci ɗaya da sa'o'in babbar 'yata. Sun yi dariya, na bar su. Lissafi bai san shekarun mutum ba.

Aikina na farko a ƙarƙashin Injiniya Lawal, wanda shi ne ubangidana a wannan sana'a, fayiba ce za a ja daga Daura zuwa wajen Sandamu. Na zana hanyar a kwamfuta tsaf, na kai masa ina jin daɗi. Bai ko duba ba. Ya ce, "Kin taka ta?" Na ce a'a. Ya ce, "To ba ki zana komai ba." Ya sa direba ya sauke ni a bakin titi da gorar ruwa, ya ce in bi layina da ƙafa. Nan na ga abin da taswira ba ta faɗa. Na ga inda manomi ya ci gefen titi da garmar shanu, wanda in ka binne waya sama-sama huɗar farko za ta tono ta. Na ga kwalbatin da ruwa ya riga ya fara cin gindinsa. Na ga burtalin da shanu ke ratsawa, da wurin da manyan motoci ke tsayawa direbobi su yi salla, nauyinsu yana danne ƙasa. Na tarar da tsohuwar maƙabarta da babu ko alama, sai da wata mata mai tallar nono ta ce mini, "Baiwar Allah, kauce, kan mutane kike tafiya." Da na dawo, rabin layin nan sai da na mayar da shi ɗaya gefen titin. Injiniya Lawal ya duba takalmana, ya ce, "Yanzu kawo in gani."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne sai ka san ƙaryarsa. Akwai na'urar da ke faɗa maka daidai inda kake tsaye a bayan ƙasa. A fili gaskiya take faɗa, a ƙarƙashin bishiya kuwa takan kauce. Akwai tabaron hangen nesa, da kamfas mai nuna alƙibla, wanda in ka tsaya kusa da ƙarfe sai ya ruɗe ya nuna maka gabas a yamma. Akwai na'urar da ke harba haske cikin fayiba ta gaya maka nisan inda ta tsinke. Akwai madubi, irin na aski, wanda mai hawa ƙarfe zai riƙe a sama ya haska rana, na ɗaya ƙarfen ya duba ko zai ga walƙiyarsa. Sannan akwai ɗamarar hawa. Ni ina hawa. Wando nake sawa a ƙarƙashin hijabi, in tattare shi in ɗaure. Ranar da na fara hawa a wani ƙauye, mata har kan katanga suka hau suna kallo, wani dattijo ya ce wa Sanusi, mai hawa ƙarfenmu, "Ku maza kun ƙare ne?" Sanusi ya ce, "Baba, ba ta yarda da idon kowa ne." Gaskiya ya faɗa. Abin da zan sa wa hannu, sai na gan shi da idona.

Masu amfani da layin su ma sai ka san su, kuma ba a ofis ake saninsu ba. An taɓa ba ni aikin faɗaɗa hanyar wani ƙarfe a Mai'adua. Na'ura ta nuna cewa in aka haɗa abin da suke ci a mako guda aka raba bisa kwanaki, hanyar ta ishe su har da saura. Sai na je ranar kasuwa na zauna a kara, inda ake cinikin shanu. Dillali zai zagaya sa da waya yana ɗaukar bidiyo, ya buɗe masa baki ya nuna haƙora, ya tura wa mai saye a kudu. Na kusa da shi ma haka, na bayansa ma haka. Masu na'urar cirar kuɗi layi a gabansu. Direbobi suna kira, 'yan acaɓa suna kira, ga baƙi daga tsallaken iyaka. Duk abin da garin bai ci ba a sauran ranaku, a yini guda yake cinye shi. Tun daga ranar na daina tsara wa gari hanya da ranar da yake barci. Da ranar kasuwarsa nake aunawa, da jajibirin salla, da lokacin da alhazai ke kiran gida.

Game da rediyo kuwa, akwai abu biyu da ubangidana ya dasa mini. Na ɗaya, abin da ke tafiya tsakanin faranti da faranti ba zare ba ne. Siffar ƙwallon dabino gare shi, siriri a baki biyu, mai ciki a tsakiya. Ko kana hango ɗaya farantin da ido, in wani abu ya shiga cikin nan ta ƙasa, layin zai raunana. Ga shi ƙasar kanta tana da doro, in tafiya ta yi nisa tsakiyar hanya tasowa take yi. Na biyu, ya ce a riƙa duba hanya da damina, lokacin da kowace bishiya ta cika da ganye, domin in layi ya wuce a lokacin, zai wuce kullum. Ƙa'ida ce mai kyau, haka ake koyar da ita ko'ina, kuma ta yi mini aiki a wurare da yawa.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji.

Akwai wani gari a ƙasar Baure, Kwarin Dashi, wanda aka kafa wa ƙarfe aka haɗa shi da rediyo mai sauri. Wasu 'yan kwangila ne daga nesa suka duba hanyar, a tsakiyar damina kamar yadda ƙa'ida ta ce, kuma ban ga aibin aikinsu ba. Layi ya tashi lafiya lau. Mutanen garin da a da sai sun hau tudu suke samun kira, suka wayi gari suna kallon 'ya'yansu na Legas a waya. Dillalan dabbobi suka daina asarar kuɗin mota, aka buɗe shagunan cirar kuɗi, ma'aikacin asibitin garin ya fara tura hoton ciwo ga likita a Daura kafin a ɗauko maras lafiya.

Shekarar ce damina ta ɗauke da wuri. Gero bai cika ido ba, wake ya bushe da fure, harawa ta yi tsadar da ban taɓa gani ba. Kafin sanyi ya shiga, mutane sun fara sayar da tumaki don ba abin ba su. A daidai wannan lokacin layin Kwarin Dashi ya fara ciwo. Aka ce janareto ne, aka gyara. Aka ce iska ce ta karkatar da faranti, Sanusi ya hau ya daidaita. Aka sauya rediyon ɗungurungum, abin bai canja ba. Bidiyo ya daina tafiya, na'urar cirar kuɗi ta riƙa juyi tana fasawa, daga baya kira ma ya fara yankewa. Da aka rasa yadda za a yi, sai aka turo mini.

Na buɗe tarihin ƙarfin layin tun ranar da aka kunna shi. Ku riƙe wannan: na'ura in ta lalace, faɗuwa take yi lokaci guda. Wannan kuwa a hankali yake sauka, yau kaɗan gobe kaɗan, tun daga ɗaukewar ruwa. Abin da ke zuwa a hankali haka, ba lalacewa ba ce, wani abu ne yake girma. Na ɗauki Sanusi muka tafi. Ya hau ƙarfen Kwarin Dashi da madubi, ni na hau ɗaya ƙarfen da tabarau. Rana tsaka, sama fes, amma ban ga walƙiya ba. Abin da na gani shi ne wani kore shar a kan tudun da ke tsakiyar hanya, alhali duk ƙasar ta bushe ta yi ja.

Gawo ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san halinsa: da damina, lokacin da kowa ke ganye, shi tsirara yake tsayawa kamar matacce, sai ruwa ya ɗauke ya yi ado. Masu duba hanya sun leƙa ta tsakanin busassun rassa sun ga ɗaya ƙarfen, suka ce hanya a buɗe take. Ba ƙarya suka yi ba, a ranar a buɗe take.

Muka hau babur muka je tudun. Manyan gawo ne jere a gona guda, irin waɗanda mutum biyu ba za su rungume ba. A ƙarƙashinsu wani tsoho ne da doguwar ƙugiya yana karkaɗo 'ya'yan da suka fara nuna, tumakinsa da na maƙwabta sun kewaye shi. Na gaishe shi, ya amsa bai daina aikinsa ba. Sunansa Baba Tanko.

Na ce, "Baba, itatuwan nan naka ne?"

Ya ce, "Na kakana ne, ni dai ina ci. Ke ce ta gandun daji?"

Na ce, "A'a, ta waya ce."

Ya ce, "To ba ni da waya, 'yar nan. Ki gaida gida."

Na yi masa sallama muka juya, domin ban gama lissafi ba. Na gargaɗi Sanusi kada ya faɗa wa kowa. Amma Sanusi in ya zauna gaban mai shayi, bakinsa ba nasa ba ne. Kafin in koma ofis, duk Kwarin Dashi ta ji cewa itatuwan Baba Tanko ne suka tare sabis.

A ofis na baje wa Injiniya Lawal abin da na gani. Lokacin shi ne shugaban shiyya. Ya dubi hoton tudun da na ɗauko, ya ce, "Gawo. Ka ji mu da Allah." Muka bi hanyoyin gyara ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga faranti sama? Ya riga ya kai ƙarshen ƙarfe. A ja fayiba? Nisan ya yi yawa, ba a ware kuɗinta ba. A sassabe kan itatuwan kawai? Yadda cikin layin ya sauko, sai an cire fiye da rabin kowace bishiya, kuma gawon da aka yi wa haka yakan daɗe bai yi 'ya'ya ba. Ya ce, "To a sare. Aikin yini guda ne. A nemi izinin gandun daji, a biya tsohon diyya. Rubuta, ki sa hannu."

Na ce, "Yallaɓai, ba zan sa ba."

Ya cire tabarau. "Rabi, gari guda da itace?"

Na ce, "Gari guda da abincin dabbobin gari guda. Ka je ka ga tudun nan. Babu ciyawa, babu harawa, daga nan har faɗuwar ruwa abin da tumakin unguwar nan za su ci ke nan. Diyyar da za ka ba shi, tunkiya ba ta cin takarda, kuma ko ya je kasuwa da ita babu abin saye. Akwai wata hanyar."

Na nuna masa. Akwai wani ƙarfenmu a ɗaya ɓangaren, ya fi nisa, amma hanyarsa ta kwari ta bi, ba tudu. Sai an sayo manyan faranti, an ƙara wa ƙarfen ƙarfi, an nemi izinin sabon zangon rediyo daga hukuma. Ba aikin da zai ƙare kafin damina ba ne. Kafin nan zan matse layin da ke akwai, in rage masa gudu don ya daina yankewa, in jera abin da ke bi ta cikinsa bisa fifiko: kira a gaba, sai saƙon asibiti da na'urar kuɗi, bidiyo a ƙarshe, wanda a gaskiya ba zai wuce ba. In ruwa ya sauka gawo zai zubar da ganye, layi ya dawo da kansa, mu kuma mu gama sabuwar hanyar kafin ya sake tohowa.

Ya ce, "Kin san na sama za su tambaye ni me ya sa na zaɓi mai tsada."

Na ce, "Ka ce musu mai tsara hanya ta ƙi sa hannu. In suna so su kawo wani ya sa."

Ya mayar da tabaransa. Daga nan ya ce, "Zan kai maganar sama. Amma mutanen garin, ke za ki je ki gaya musu su yi bazara babu bidiyo. Ni ba zan je ba."

Ban kai ga shirya tafiyar ba, Sanusi ya kira ni da safe daga Kwarin Dashi, layin yana yankewa. Abin da na iya tsinta shi ne an hayo injin yankan itace, an nufi tudu. Na bar abin da nake yi na hau mota.

Na tarar da mutane cike a gonar. Mai injin yana zuba mai. Baba Tanko yana zaune a gindin babbar bishiyar, ya jingina bayansa da ita, ƙugiyarsa a kan cinya. Maigari yana gefe a tsaye, da ganinsa ka san an jawo shi ne ba da son ransa ba. Wanda ke gaba-gaba shi ne Alhaji Sabo, babban dillalin shanun garin. Da ya gan ni sai ya washe baki.

"Yawwa, ga Injiniya da kanta. Hajiya, nuna mana waɗanda za a fara da su, kada mu sare wanda bai yi laifi ba."

Na wuce shi na durƙusa na gaida Maigari. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ba da umarnin wannan aiki?"

Ya ce, "Cewa aka yi daga wajenku maganar ta fito."

Na ce, "Daga wajenmu aka ce gawo ne ya tare hanya, wannan gaskiya ne. Ba wanda ya ce a sare. Ni ce mai faɗa, kuma ban faɗa ba."

Alhaji Sabo ya ce, "Hajiya, kin san shanu nawa suka rame a hannuna saboda mai saye bai ga hotonsu ba? Shekarar nan kowa kuka yake. Don tsoho ɗaya da ko waya bai riƙe ba sai a kashe mana kasuwa?"

Baba Tanko ya ce, "Sabo, ragon da ka yi layya da shi bara a ƙarƙashin wace bishiya ya yi ƙiba?"

Wasu suka yi dariya, Alhaji Sabo bai yi ba. Kuma ku sani ban raina kukansa ba. Asararsa ta gaske ce, kuma layina ne ya saba masa da abin da yanzu ya rasa. Sai na juya na fuskanci jama'a, na faɗa musu komai ba tare da na shafa masa zuma ba. Na ce kira zai daina yankewa, na'urar kuɗi za ta yi aiki amma da jinkiri, asibiti zai iya tura saƙonsa. Bidiyo kuwa su manta da shi sai ruwa ya sauka. Mai son tura hoton sa ya hau babur ya je inda sabis ɗin wani gari ke kamawa, kamar yadda yake yi a da. Na ce ana shirin sabuwar hanya da ba ruwanta da tudun nan.

Wani daga baya ya ce, "Alkawarin kamfani ke nan, mun saba ji."

Na ce, "Ba kamfani ne a gabanka ba, ni ce. Gidana yana Daura, a tambayi Rabi mai hawa ƙarfe, har yara za su nuna maka. In gawo ya sake ganye ba ku da sabis, ka zo ka yi sallama."

Alhaji Sabo ya ce, "In kuma muka sare yanzu fa? Ai sabis zai dawo yau."

Na ce, "Zai dawo. Ni kuma zan koma in rubuta cewa matsala ta ƙare, a soke sabuwar hanyar, wadda ta fi wannan faɗi da ƙarfi. Ku zauna da tsohuwar, ranar kasuwa ku yi ta dambe a kanta. Sannan gobe da safe, duk mai tunkiya a unguwar nan ya kora ta ƙofar gidanka, Alhaji, ka ciyar."

Wata tsohuwa da ke tsintar 'ya'yan gawo a kwando ta ce, "Nawa guda huɗu ne, Alhaji, da asuba zan kawo." Maigari ya gyara murya, ya ce wa mai injin ya mayar da kayansa kan babur, a biya shi kuɗin mansa. Alhaji Sabo ya kaɗe riga ya tafi bai yi mini sallama ba, kuma har aka yi bazarar nan in na shiga garin kansa yake kawarwa.

Bazarar ta yi tsawo. An zage ni, an yi mini waƙa a tashar 'yan acaɓa, na sama sun dawo da takardar aikin sau da yawa suna neman a rage kuɗi, Injiniya Lawal yana mayar musu. Izini ya makara, manyan farantin suka maƙale a hanya. Ruwa ya sauka, gawo ya zubar da ganye, layi ya dawo, mutane suka manta da ni. Ni ban manta ba, domin na san ranar da ganyen zai dawo. Muka yi aikin ƙarfen cikin ruwa da taɓo, mota ta kafe mana a kwari har sai da aka kawo shanun huɗa suka ja ta. Gero yana fitar da kai muka juya farantin, muka kunna sabuwar hanya. Da aka yi girbi tudun ya sake yin kore shar, sabis bai ko girgiza ba.

Na koma gonar don in sanar da tsohon. Na same shi yana gyaran shinge. Ban sa ran godiya ba, kuma bai yi ba.

Ya ce, "Na ji an ce kin kawar da abin naki daga kaina."

Na ce, "An kawar, Baba."

"Dama ko ba ki kawar ba, ba wanda zai taɓa su ina da rai. Yanzu ta ina ya bi?"

Na nuna masa da hannu. "Ta kwari, ta saman gonar Malam Audu."

Ya bi hannuna da kallo, ya yi wata 'yar dariya. "Audu? Ai akwai 'yan tsiron gawo a gonarsa, ya hana a nome su. Yanzu iyakarsu gwiwa. Ki ba su lokaci."

Na ce, "Na gan su. Na auna su da tsawon naka, na ƙara musu kamu, sannan na ɗaga farantin sama da haka."

Ya ajiye igiyar da ke hannunsa, ya dube ni sosai, karo na farko tun da na san shi. Ya ce, "Kafin su kai nan, ni da ke duk muna ƙasa."

Na ce, "Haka ne, Baba. Amma layin yana sama."